Gonar Cikin Kwamfuta da Gonar Bayan Gari: Nasiha ga Matasan Horo Birni

Tun muna yara a Horo Birni, idan bazara ta yi nisa, iska ta bar busowa daga gabas ta koma ta kudu maso yamma, gawo kuma ya soma kakkaɓe ganyensa alhali sauran itatuwa suna tofo, dattawa kan je zauren malamin da ya san hisabi su tambaye shi wane tauraro ake ciki, shi kuwa sai ya jawo gafakarsa, ya zaro wata 'yar takarda wadda gefenta ya cinye don yawan taɓawa, ya bi manzilolin nan 28 da yatsa, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai kwana 14, ya faɗa musu ko shuka ta kusa ko kuwa su ƙara haƙuri. Ban taɓa jin ya rufe maganarsa ba tare da ya ce Allah ne mafi sani ba, ban kuma taɓa ganin dattijon da ya ɗauki iri ya zuba a rami don jin maganar malam kaɗai ba, sai ya tona ƙasa da hannunsa ya ga iyakar inda laima ta kai. A kan waɗannan ladubba biyu nake so in gina nasihata gare ku, ya ku 'ya'yana da ƙannena na ƙasar Shagari da Bodinga, maza da mata, waɗanda Allah ya nufa da karatun zamani, har wasunku suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu Samaru, wasu Bayero, kun fara jin malamanku suna ambaton manhajojin kwaikwayon gona, kuna kuma ɗokin ku ɗora su a kwamfutocinku.

Abin da ake nufi da kwaikwayo a nan shi ne a gina gona da lissafi tsantsa, a ba ta ƙasa da ruwan sama da rana da iri, duk a siffar adadi, sa'an nan a bar kwamfuta ta bi kwanakin damina ɗaya bayan ɗaya tana ƙididdige abin da zai sami shuka, tun daga tsirowa har zuwa girbi. Masana a Wageningen ta ƙasar Holan, ƙarƙashin wani malami da ake kira de Wit, suna cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa a shekarun 1960. A 1982 aka kafa wani shiri a Jami'ar Hawai ta Amurka don amfanin ƙasashe masu zafi, daga gare shi kuma aka sami manhajar DSSAT wadda ta fito a 1989, yau tana ɗauke da amfanin gona fiye da iri 40, har da gero da dawa da wake da gyaɗa da masara. Mutanen Ostireliya suka yi tasu, APSIM, a shekarun 1990, Faransawa kuma suka yi SARRA-H, wadda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ta yi amfani da ita wajen kirdadon amfanin damina a ƙasashen Sahel, ita kuwa wannan cibiya an kafa ta ne a 1974, a daidai lokacin farin da iyayenku ba su manta da shi ba. Masu bincike a Kano, a Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da tashoshin IITA da ICRISAT, sun riga sun daidaita irin waɗannan manhajoji da masara da dawar ƙasarmu. Hikimar abin a bayyane take. Gwaji ɗaya a gona yana cin damina guda, mutum kuwa in ya yi tsawon rai bai fi ya sami damina 40 yana aiki da ƙarfinsa ba, alhali kwamfuta tana iya noma damina 30 kafin ka gama shan kofin shayi.

Farkon abin da ya wajaba ku fahimta, tun kafin ku taɓa maɓalli, shi ne yadda aka tsara cikin manhajar, domin wanda bai san fasalin gida ba, in ya ji kuka da dare ba zai san ƙofar da zai nufa ba. An gina ta ne kamar babban gida mai sassa, irin gidajen gandu da muka taso a ciki: akwai sashen yanayi, akwai sashen ƙasa mai kula da ruwa da sinadarin naitirojin, akwai sashen shuka, akwai sashen ayyukan manomi, wato ranar shuka da yawan tsiro da zuba taki da ban ruwa, sa'an nan akwai mai gida wanda aikinsa kawai ya riƙe kalanda, ya kira kowane sashe bi da bi. Kowace rana ta lissafi, sashen yanayi zai ce yau an yi ruwa kaza, zafi ya kai kaza. Sashen ƙasa ya karɓa, ya raba ruwan nan gida-gida: wanda ya gangare, wanda ya nutse, wanda rana ta shanye, wanda ya wuce inda saiwa take. Sashen shuka ya dubi hasken da ganye ya tara da ruwan da saiwa ta samu, ya ƙara wa kara da ganye da zangarniya gwargwadon rabonsu, ya mayar wa sashen ƙasa da labarin abin da ya sha. Daga nan mai gida ya juya shafi zuwa gobe. Amfanin wannan tsari shi ne ana iya cire gero a sa wake ba tare da an rushe sashen ƙasa ba, kuma masanin ƙasa yana iya gyara nasa sashe ba tare da ya san ilmin tsiro ba.

Amma a nan ne kuma hatsarin yake, domin kowane sashe yana gaskata abin da ɗan'uwansa ya miƙo masa ba tare da ya nemi shaida ba. In ka ba sashen yanayi inci a inda yake jiran milimita, ba zai yi maka gardama ba, zai miƙa wa sashen ƙasa, shi kuma ya miƙa wa sashen shuka, a ƙarshe ka sami amsa tsaf, da kyawawan zane-zane, alhali tushenta ruɓaɓɓe ne. Kada ku ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai wannan ke samu. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi hasarar wani kumbo da ta aika duniyar Mirrihi bayan ya yi tafiyar wata tara, dalili kuwa shi ne wani sashe na manhajar tuƙinsa yana ba da ƙarfin turi da ma'aunin Ingilishi, wani sashen yana karɓa a kan cewa ma'aunin mita ne. Kowane sashe lafiya lau yake in an dube shi shi kaɗai, a bakin ƙofa tsakaninsu ɓarnar ta auku.

Game da ɗora manhajar, ba zan tsawaita ba, don malamanku za su nuna muku, ana kuma samun DSSAT kyauta in an yi rajista, asalin rubutunta da harshen Fortran yana nan a buɗe a GitHub ga mai son ya karanta. Abin da nake roƙonku shi ne tartibi. Bayan kun ɗora ta, kada ku yi gaggawar zuba bayananku, ku fara gudanar da ɗaya daga cikin misalan da ta zo da su, ku tabbata ya tafi har ƙarshe, domin in kun yi haka, duk matsalar da ta ɓullo daga baya kun san daga hannunku take. Ku rubuta lambar bugun da kuka ɗora, 4.7 ne ko 4.8, saboda amsa tana iya sauyawa daga bugu zuwa bugu. Kada ku gyara fayil na asali sai kun kwafe shi kun ajiye. Ku sani kuma yawancin fayilolin nan ana karanta su ne da ƙidayar gurbi, harafi bayan harafi, ta yadda in adadi ya goce da gurbi ɗaya daga layinsa, 25.3 yana iya zama 5.3 ba wanda ya sani. Akwai wani fayil na gargaɗi da manhajar take rubutawa duk lokacin da aka gudanar da ita, na kuwa lura matasa ba sa buɗe shi, suna rugawa wajen adadin amfanin gona, alhali a can ne take faɗa maka abin da ta rasa da abin da ta cike da kanta. Sauran kuwa sha'anin ƙasarmu ne wanda kun fi ni sani: wuta tana ɗaukewa ba sallama, zafin Afirilu ya wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, saboda haka aikinku ya kasance a wuri biyu ko uku, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet in akwai hali.

Yanzu sai maganar yanayi, a nan kuwa zan ɗan zauna, don a nan na taɓa yin tuntuɓen da har yau nake tunawa da shi. Abu huɗu manhajar take nema a kowace rana: hasken rana, iyakar zafi, iyakar sanyi, da ruwan sama. Tana ƙidaya kwanaki daga farkon shekara, 15 ga Yuni a wurinta rana ce ta 166, in kuwa shekarar mai Fabrairu 29 ce sai ta zama ta 167. Zafi da haske ba su cika bambanta tsakanin gari da gari ba, ana iya ɗaukarsu daga tashar hukumar NiMet ta Sakkwato ko daga rumbun NASA POWER wanda yake ba da bayanai tun daga farkon shekarun 1980. Ruwa kuwa dabam ne. Ma'aunin wancan rumbu murabba'i ne mai faɗin kamar kilomita 50, yana haɗe garuruwa masu yawa ya ba su adadi ɗaya, alhali kowa a cikinku ya sha ganin hadari ya zuba a Kajiji ya tsallake Horo Birni, ko a kwana ana ruwa a Lambara mutanen Dandin Mahe suna kallon walƙiya daga nesa. Akwai wani rumbu, CHIRPS, mai murabba'in kamar kilomita 5, ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam, bai kai ma'aunin da aka kafa a bakin gona ba.

Wata shekara na sami littafin ma'aunin ruwa na wani ƙauye, rubutun hannu, na zauna dare da rana ina kwafe shi cikin fayil. A tsakiyar Agusta na tarar da kwana 12 a jere ba a rubuta komai ba, ni kuwa ba tare da tunani ba na cika su da sifili. Da na gudanar da manhajar sai ta nuna gero ya sha ƙishirwa daidai lokacin da yake ciki, amfani ya faɗi ƙasa da rabi, har na fara rubuta cewa shekarar fari ce. Allah ya taimake ni na zo gida kafin in miƙa rahoton, muna zaune da kawuna bayan la'asar na ambata masa shekarar, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, wace shekara kake faɗi? Ai shekarar nan ce ruwa ya ci fadama, muka kwashe mako ba mu shiga gona ba." Da na koma na bincika, ashe mai karanta ma'aunin ne ya kwanta rashin lafiya a kwanakin nan. An yi ruwa, aunawa ce ba a yi ba. Tsakanin "ba a yi ruwa ba" da "ba a auna ba" akwai tazara mai nisa, masu manhajar ma sun san da haka, shi ya sa suka keɓe alamar -99 don abin da ba a sani ba. Na tsorata ƙwarai a ranar, domin da rahoton ya fita, da an gina shawara a kansa, da wasu sun kwafa daga gare ni, da ƙarya ta shiga littafi da sunan kimiyya, ni ne kuwa sanadi. In kun sami giɓi, ku cike shi daga ma'auni mafi kusa ko daga tauraron ɗan'adam, amma ku sa alama a gefe cewa cikewa ce, kamar yadda magabata kan yi in sun tarar da wurin da gara ta ci a littafi.

Sashen ƙasa shi ne wanda aka fi zalunta, saboda shi ya fi wuyar aunawa. Manhajar tana zuwa da ƙasashen misali da yawa, ɗalibi kuwa in ya gaji sai ya zaɓi wadda sunanta ya yi kama da tasa ya wuce. Ina hana ku wannan iyakar hanawa. Ku ɗauki kalme da shebur ku haƙa rami a gonar da kuke magana a kanta, ya kai mita ɗaya ko fiye, ku shiga ciki ku dubi bangonsa. Za ku ga saman rairayi ne mai ɗan duhun taki, tafin hannu ɗaya ko biyu, ƙarƙashinsa ja-ja, wani wuri kuma ku ci karo da marmara ko tsakuwa wadda saiwa ba ta iya ratsawa. Kowane hawa ku ɗebi samfurinsa dabam a kai ɗakin gwaji. Abin da manhajar take so ta sani a kowane hawa adadi uku ne: ruwan da ya rage lokacin da shuka ta kasa tsotsa, ruwan da ƙasa take riƙewa bayan ta tsane, da ruwan da take ɗauka in ta ƙoshi sarai. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ita ce randar shuka. Jigawa mai rairayi ba ta cika riƙe milimita 100 a zurfin mita guda ba, ƙasar fadama mai laka kuwa tana iya ninka wannan. To ku yi lissafi da kanku: in randar ta ɗauki milimita 70, gero kuma da ya rufe ƙasa yana shan kamar milimita 5 a wuni, mako biyu ba ruwa ya isa ya ƙone ganye, in kuwa kun ari ƙasar wani wuri mai riƙe 140, manhajar za ta ce muku gero yana nan shar har wata guda. Damina ɗaya, ruwa ɗaya, amma hukunci biyu masu karo da juna, duk saboda ramin da aka ƙi haƙawa.

Haka kuma sha'anin iri. Manhajar ba ta san suna ba, ba ruwanta da zango ko SOSAT ko maiwa, abin da ta sani wasu 'yan adadi ne masu siffanta halin iri. Shuka ba ta ƙidaya kwana yadda muke yi, zafi take tarawa: in matsakaicin zafin yini ya kai digiri 30, aka cire 10 wanda ƙasa da shi gero ba ya girma, ta tara 20 a ranar, in abin da ta tara ya cika wani haddi sai ta wuce mataki na gaba. Wasu irin kuma suna sauraron tsawon yini, shi ya sa maiwa ko an shuka ta da wuri ba ta fidda kai sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, alhali gero ya riga ya shiga rumbu. Manomanmu sun san wannan tun kaka da kakanni, aikinku shi ne ku mayar da saninsu adadi. Hanyar kuwa ita ce ku shuka irin a 'yar gonar gwaji, ku rubuta ranar tsirowa, da ranar da rabin shukar ta yi bununi, da ranar nuna, ku auna fili daidai, misali mita 10 sau 10, ku girbe, ku shanya, ku sussuka, ku ɗora a sikeli. Dami ba ma'auni ba ne a wannan aiki, don damin wane ya fi na wane, tiya ma in an yi mata tozo dabam, in an shafe dabam. Sa'an nan ku yi ta gyara adadin irin har lissafi ya yi kusa da abin da gona ta bayar.

Amma kada ku tsaya nan. Malaman da suka zauna Sifawa tare da Shehu Usmanu kafin ya koma Sakkwato a 1815, da almajiran Malam Abdullahi a Bodinga, in sun kwafi littafi ba sa dogara da shi sai sun yi muƙabala, wani yana karanta asali, wani yana bin kwafin da ido. Muƙabalar manhaja ita ce ku ɓoye bayanan wata damina ko wata gona, kada ku yi amfani da su wajen gyara, bayan kun gama ku sa manhajar ta faɗi abin da ya faru a can, ku kwatanta. Wanda ya gyara da bayanai, ya kuma yi shaida da su ɗin dai, ya zama mai ƙara kuma alƙali a shari'a ɗaya, shaidarsa ba ta karɓuwa ko da adadin ya yi daidai har ɗigo.

Kawun nan nawa da na ambata a baya, Allah ya jiƙansa, ya taɓa yi mini wata tambaya wadda ta fi mini darussa da yawa. Na nuna masa cewa lissafi ya ce gonarsa tana iya ba da ninki biyu ko uku na abin da yake samu, ya yi shiru yana murza zangarniya a tafin hannunsa, can ya ce, "Wanga inji naka, ya san ƙuduji?" Na ce bai sani ba, Kawu. Ya ce, "Ya san jan baki? Ya san fara?" Na ce sai in an gaya masa. Ya ce, "Ya san ni gero da wake nake haɗawa a gona guda?" Nan ma na sunkuyar da kai. Gaskiya ce, gonar cikin kwamfuta, in ba ka sanar da ita ba, ba ta da ciyawa, ba ta da tsutsa, ba ta da iskar farkon damina mai binne tsiro da rairayi, ba ta da akuyar maƙwabci, mai ita kuma ba ya rasa kuɗin taki ko 'yan ƙodago ranar noman farko. Ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda binciken ICRISAT a Sadore kusa da Yamai ya nuna yana cikin manyan abubuwan da ke tauye gero a rairayin Sahel, yawancin ɗalibai ba sa ma kunna sashensa. APSIM tana iya haɗa amfani biyu a gona guda, amma ita ma sai an sha wahalar daidaita ta. Saboda haka in adadin manhaja ya fi na manomi, kada ku yi saurin cewa manomi ne bai iya ba. Tazarar nan tambaya ce, amsarta kuwa tana bakin mutumin da ya shekara 50 a gonar, ku je ku durƙusa ku gaishe shi ku tambaya.

Idan kun tabbatar da sassan nan, to lokacin cin moriya ya zo, a nan ne kuma za ku ga abin da ya sa na ba wannan ilmi rayuwata. Kuna iya ɗaukar ruwan shekara 30 ku gwada shuka a farkon Yuni da tsakiyarsa da farkon Yuli, ku gwada iri mai saurin nuna da mai jinkiri, ku gwada buhun taki guda da rabin buhu da ɗan tsunkule a gindin kowace shuka. Sharaɗi dai ku sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, don in kun sauya uku amsa ta motsa, ba ku san wanne ya motsa ta ba. Kada kuma ku ruɗu da matsakaici. Ƙasarmu tana samun ruwa tsakanin milimita 600 da 700 a shekara in an daidaita, amma ba wanda yake noma shekarar da aka daidaita, akwai irin 1973 da 1984 a cikin lissafin. Dabarar da ta fi riba a shekara 25 amma ta bar rumbu wayam a shekara 5 tana iya dacewa da attajiri, ba ta dace da magidancin da ke da baki 12 a gida ba shi da saniyar sayarwa. Ku dubi munanan shekaru kafin ku dubi kyawawa, in kuma za ku faɗa wa manomi sakamako, ku faɗa da harshen rinjaye, ku ce a cikin shekara 10 kaza ta fi yiwuwa sau 7. Abin da ke hannunku zanni ne mai ƙarfi wanda aka gina a kan abin da ya wuce, saukar ruwan gobe kuwa yana cikin gaibun da Ubangiji ya keɓe wa kansa, wanda ya sayar wa talaka zanni da sunan yaƙini ya ci amana.

Ina kuma yi muku wasiyya da isnadi. Kowane adadi da kuka shigar ya kasance kun san daga wa kuka karɓe shi: wannan na auna da hannuna ranar kaza, wannan daga ɗakin gwaji, wannan daga tauraron ɗan'adam, wannan aro ne daga wata maƙala, wannan kuwa zato ne. Ku ajiye littafi na takarda kusa da kwamfuta, duk gudanarwa ku rubuta kwanan wata da abin da kuka sauya da abin da ya fito, domin bayan wata shida ku da kanku ba za ku tuna ba. Ma'aunin ingancin aikinku shi ne wani ɗalibi a Zariya ko Maraɗi ya karɓi fayilolinku ya gudanar a tasa kwamfutar ya sami abin da kuka samu. Kada ku yi rowar fayil. Bayanan ƙasarmu kaɗan ne ƙwarai, in kowa ya kulle nasa a akwati har ya lalace tare da kwamfutarsa, na baya zai sake farawa daga tushe. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato, saboda haka ba baƙon abu ba ne ɗan wannan ƙasa ya riƙi alli ya koyar da abin da ya sani.

Ku kuwa ƙanana da ba ku mallaki kwamfuta ba tukuna, kuna makarantar sakandare ko kuna taya iyayenku noma, akwai aikin da za ku fara tun daminar bana, wanda manyan masana suke nema ido rufe. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ku ɗaure shi a kan turke a fili, nesa da itace ko bango da ninki biyu na tsayinsu, yadda kaji da awaki ba za su kai gare shi ba. Kowace safiya a lokaci guda, bayan an fito sallar asuba gari ya waye, ku tsoma rula ku karanta zurfin ruwan da milimita, ku rubuta, ku zubar. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowace mita murabba'i, wato lita 10,000 a hekta. Ranar da ba a yi ruwa ba, ku rubuta sifili, ranar da kuka yi tafiya ko ba ku da lafiya ku sa ƙane ko ƙanwa ta karanta, in ba a samu ba, ku rubuta "ba a auna ba". A gefen shafin ku ƙara ranar da aka yi binne, da ranar shuka, da ranar da gero ya yi bununi, da ranar da jan baki ya sauka, da yawan damin da aka ɗaure a gonar gidanku, ku kuma rubuta sunan gonar da irin ƙasarta a bangon littafin.